Labuwaziye, Mutumin da Ya Auna Wuta

Tun zamanin farko 'yan Adam suna hura wuta, suna dafa abinci da ita, suna jin ɗumi, suna ƙira. Amma sun yi shekaru dubbai ba su san ainihin abin da ke faruwa ba sa'ad da itace ke ci. Wanda ya fara bayyana wa duniya wannan al'amari sosai wani Bafaranshe ne, sunansa Antuwan Labuwaziye. Mutanen ƙasarsu suna rubuta sunan nan Antoine Lavoisier. Babban makamin da ya yi aikinsa da shi kuwa sikeli ne, watau ma'auni.

Ƙuruciyarsa

An haifi Labuwaziye a birnin Faris ran 26 ga Agusta, 1743. Ubansa lauya ne mai wadata. Yana da shekara biyar uwarsa ta rasu, sai 'yar'uwarta ta ɗauki renonsa, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Da ya kai shekara 11 aka sa shi a wata babbar makaranta ta birnin, ana ce da ita Kwalejin Mazaran. A can ya koyi lissafi, da ilmin taurari, da na tsire-tsire, da na sinadarai.

Ubansa yana so ya gaje shi, saboda haka ya karanta shari'a, ya sami takardar zama lauya a 1764. Amma zuciyarsa na wajen binciken halittu. Ya kan fita daji yana tsintar duwatsu, yana duba ƙasa da ruwa, kome ya gani sai ya rubuta a littafi.

A lokacin nan titunan Faris duhu gare su da dare. Aka sa gasa, aka ce kowa ya kawo dabarar da za a haskaka babban birni da fitilu. Labuwaziye ya gwada fitilu iri iri, da mai iri iri, da lagwani iri iri, ya rubuta abin da ya samu. A 1766 aka ba shi lambar zinariya daga wurin Sarki saboda wannan aiki. A 1768 kuma, bai ko cika shekara 25 ba, aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, inda manyan malaman ƙasar ke zama.

Aikin haraji da aure

A cikin shekarar nan ta 1768 ya shiga wata sana'a wadda ta kawo masa dukiya mai yawa, daga baya kuma ta jawo masa halaka. A zamanin nan akwai wata ƙungiya ta attajirai a Faransa. Su kan biya Sarki kuɗi a dunƙule, sa'an nan su bi mutane su karɓi harajin gishiri, da na taba, da kuɗin fito na kayan da ke shiga gari. Abin da suka tara fiye da abin da suka ba Sarki, nasu ne. Talakawa suna ƙin wannan ƙungiya ƙwarai, don gishiri ya yi musu tsada, wanda aka kama da gishirin sumoga kuwa ya kan sha horo mai tsanani. Labuwaziye ya sayi rabo a cikin ƙungiyar. Da ribar da ya ke samu ya riƙa sayen kayan gwaje-gwaje masu tsada.

A 1771 ya auri Mari-An, 'yar wani babba a cikin ƙungiyar nan. Ta zama abokiyar aikinsa ta gaske. Ta koyi Ingilishi don ta juya masa littattafan masanan Ingila zuwa Faransanci. Ta koyi zane don ta zana kayan aikinsa. In yana gwaji, ita ke zaune gefe tana rubuta abin da sikeli ya nuna.

A 1775 aka sa shi cikin masu lura da yin albarushi na gwamnati, aka ba shi gida a ma'ajiyar makamai ta Faris. A nan ya shirya ɗakin gwajinsa. Da rana yana aikin ofis, da sassafe da kuma dare yana gwaje-gwaje, kowane mako kuma ya kan keɓe yini guda cur don wannan. Ya sa gwanayen maƙera suka ƙera masa sikeli masu kyau, waɗanda ke iya nuna nauyin abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Abin da mutane suka zata game da wuta

Kowa ya san in an ƙone babban gungume, abin da zai saura ɗan toka ne marar nauyi. Saboda haka masanan Turai na lokacin suka ce akwai wani abu ɓoyayye a cikin duk abin da ke cin wuta, suka sa masa suna filojiston. Suka ce in abu na ci, wannan filojiston ne ke fita daga cikinsa ya shiga iska. Kusan dukan malamai suka yarda da haka, suna koya wa almajiransu.

Amma akwai abin da ya ƙi daidaituwa. In aka gasa dalma ko kuza a wuta har ya zama gari, aka auna, sai a ga garin ya fi ƙarfen nauyi. Yaya abu zai rasa wani sashe nasa, sa'an nan ya ƙara nauyi? Waɗansu suka kau da kai daga tambayar. Waɗansu har suka ce wai filojiston rage nauyi ya ke yi, in ya fita sai abu ya ƙara nauyi.

Labuwaziye mutum ne wanda ya saba da littafin kuɗi. Ya san in abin da ya shiga da abin da ya fita ba su yi daidai ba, lalle akwai inda aka yi kuskure. Sai ya ɗaura niyyar riƙe lissafin wuta kamar yadda a ke riƙe lissafin kuɗi.

Tun kafin wannan ya riga ya gwada dabararsa a kan ruwa. Mutane suna cewa in an daɗe ana tafasa ruwa ya kan rikiɗa ya zama ƙasa, don su kan ga laka a ƙasan kwalba. Shi kuwa ya auna ruwa, ya auna kwalba, ya toshe ta, ya yi ta dafawa har kwana 101. Da ya sake aunawa sai ya ga ruwan bai ragu ba, kwalbar ce ta ragu. Ashe lakar daga jikin gilashin ta fito.

Yadda ya gano sirrin

A 1772 ya ƙona farar wuta da wani sinadari wai shi fosfaras, ya ga su ma sun ƙara nauyi. Ya yi zaton daga iska su ke ɗaukar wani abu. Don ya tabbatar, a 1774 ya sa kuza a cikin kwalba, ya toshe bakinta gam, ya auna. Ya gasa ta a wuta har kuzar ta soma zama gari, ya bari ta huce, ya sake aunawa. Nauyin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya buɗe bakin kwalbar sai iska ta faɗa ciki. Ya auna kuma, ya ga yanzu nauyi ya ƙaru. Ashe kuzar ta shanye wani sashe na iskar da ke cikin kwalbar, iskar waje ta shiga ta cike gurbin.

A watan Oktoba na shekarar nan wani masanin Ingila, Yusufu Firistili, ya zo Faris, suka ci abinci tare. Ya ba Labuwaziye labarin wata iska da ya samu sa'ad da ya gasa jan garin zaiba, ya ce kyandir na ci a cikinta da ƙarfi ƙwarai. Wani mai haɗa magunguna a Suwidin, sunansa Shele, shi ma ya riga ya sami iskar nan. Amma dukansu biyu sun yarda da filojiston, saboda haka ba su gane ainihin abin da ke hannunsu ba.

Labuwaziye ya shirya gwajin da ya fi dukan gwaje-gwajensa suna. Ya sa zaiba a cikin kwalba mai dogon wuya, tare da iska wadda ya auna yawanta, ba hanyar da wata iska za ta shiga ko ta fita. Ya hura wuta a ƙarƙashi, dare da rana, har kwana 12. Sannu sannu wani jan gari ya bayyana a kan zaibar, iskar kuwa ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida. Ya sa kyandir a cikin sauran iskar, nan da nan ya mutu. Sa'an nan ya kwashe jan garin, ya gasa shi da wuta mai tsanani. Garin ya koma zaiba, ya saki iska kusan daidai da wadda ta ɓace. A cikin wannan iska kyandir ya ci da haske mai kashe ido. Da ya gauraya ta da waccan, sai suka koma iska irin wadda kowa ke shaƙa.

To, magana ta fito fili. Iskar duniya gauraye ce. Sashe guda nata shi ke raya wuta, Labuwaziye ya sa masa suna oksijin. Yau an san oksijin ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na iska, yawancin sauran kuwa naitirojin ne. Cin wuta shi ne haɗuwar abu da oksijin, tare da fitar zafi da haske. Shi ya sa maƙeri ke zuga wuta da zugazugi, don ya ƙara mata oksijin. Shi ya sa kuma in an rufe garwashi da ƙasa ya kan mutu.

Ina nauyin gungumen da aka ƙona ya tafi? Ya shiga sama, ya zama tururi da wata iska da ba a gani, wadda a ke kira kabon-dayoksaid. Da za a iya tara toka da hayaƙi da tururi da iskar nan duka a auna, sai a ga sun fi gungumen nauyi, ƙarin kuwa daidai da nauyin oksijin da wutar ta sha.

A 1783 shi da abokinsa Laflas, wani gwanin lissafi, suka ƙona wata iska mai sauƙi a cikin oksijin, suka sami ruwa tsantsa. Wani Bature na Ingila, Kabandish, ya riga su ganin ruwan nan, amma Labuwaziye ne ya bayyana ma'anarsa, watau ruwa haɗin abu biyu ne, oksijin da wannan iska da a ke kira haidirojin. Har wa yau su biyun suka sa wata 'yar dabba mai kama da ɓera a cikin akwati kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar, da yawan iskar da ta fitar. Suka gane numfashi ma wani irin cin wuta ne a hankali. Abinci shi ne itacen, oksijin da mutum ke shaƙa shi ke ƙona shi, daga nan ɗumin jiki ke fitowa.

A 1787 shi da waɗansu masana uku suka shirya wa sinadarai sababbin sunaye, yadda sunan abu zai nuna abin da ke cikinsa. A 1789 ya buga babban littafinsa na ilmin sinadarai, matarsa ce ta zana hotunan da ke ciki. Ya jera abubuwa 33 waɗanda ya ɗauka su ne asali, ba a iya raba su. Ya yi kuskure a waɗansu, don ya sa haske da zafi a cikin jerin. Amma a littafin nan ya kafa ƙa'idar da ta tsaya har yau: a cikin kowane gwaji, nauyin abubuwan da aka fara da su daidai ya ke da nauyin abubuwan da aka ƙare da su. Siffa ce ke sakewa, nauyi na nan yadda ya ke.

Ƙarshensa

A shekarar da littafin ya fito, mutanen Faransa suka tayar wa Sarkinsu, aka shiga juyin mulki. Labuwaziye ya so a gyara ƙasa. Ya taɓa ba da shawarwari a kan gyaran kurkuku da asibitoci, ya yi gwajin noma a gonarsa, a lokacin yunwar 1788 kuma ya ranta wa waɗansu garuruwa kuɗi don su sayi hatsi. Sabuwar gwamnati ta sa shi cikin masu shirya ma'aunan mita da kilogiram, waɗanda a ke aiki da su yau a kusan duk duniya.

Amma talakawa ba su manta da harajin gishiri ba. Ba su kuma manta da ganuwar da ƙungiyar haraji ta gina kewaye da Faris ba, don kada kaya su shiga gari ba a biya fito ba, Labuwaziye kuwa na cikin waɗanda suka kawo shawarar gina ta. A 1791 aka rushe ƙungiyar. A 1793 aka kashe Sarki, aka rufe Majalisar Masana, a watan Nuwamba kuma aka tsare tsofaffin masu karɓar haraji, har da shi. Aka tuhume su da cin kuɗin ƙasa, da zuba ruwa a taba don ta ƙara nauyi.

Ran 8 ga Mayu, 1794, aka yi musu shari'a cikin gaggawa, aka yanke musu hukuncin kisa. A ranar nan aka fille kan mutum 28, surukinsa na cikinsu. Labuwaziye yana da shekara 50. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi gwamnati ta wanke shi, ta mayar wa matarsa kayansa. Ba su haifu ba. Ita ce ta tattara sauran rubuce-rubucensa ta fitar da su, ta rayu har 1836.

Gadon da ya bari

Bayan mutuwarsa wani malamin makaranta a Ingila, Jon Dalton, ya bayyana dalilin ƙa'idar nan a 1808. Ya ce kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira zarra. In abu ya ci wuta, ƙwayoyin nan sake abokai su ke yi, ba wadda ke ɓacewa. Wani masani na Suwidin, Bazeliyas, ya ba kowane iri harafi. C kabon ne, watau abin da ya fi yawa a gawayi. H haidirojin ne, O kuwa oksijin. Ƙaramar lamba a gindin harafi tana nuna zarra nawa ke cikin ƙulli guda. Oksijin na iska biyu biyu ya ke tafiya, shi ya sa a ke rubuta shi O₂. Ga ƙonewar gawayi:

C + O₂ → CO₂

A hagu akwai kabon ɗaya da oksijin biyu, a dama ma haka. Sikeli ya tsaya daidai.

Ga wani misali da ya fi wuya. Akwai iska mai cin wuta wadda ke tashi daga fadama da ruɓaɓɓen kashin shanu, ana kiranta mitan, ana rubuta ta CH₄. In ta ci wuta ta kan ba da kabon-dayoksaid da ruwa:

CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O

Ku ƙidaya. Kabon ɗaya ne a kowane gefe. Amma haidirojin huɗu ne a hagu, biyu a dama. Sai a sa 2 a gaban ruwa, ya zama huɗu. Yanzu oksijin na dama ya zama huɗu, biyu a CO₂, biyu a ruwa, na hagu kuwa biyu ne kawai. Sai a sa 2 a gaban O₂:

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

Wannan shi ne daidaita lissafin sinadarai. Babbar lamba ta gaba ita a ke sakewa. Ba a taɓa ƙaramar lamba ta gindi, don in an taɓa ta abin ya zama wani abu dabam.

Saura nauyi. Ba mai ƙidaya gero ƙwaya ƙwaya a kasuwa, da mudu a ke auna shi. Masana ma suna da mudunsu na zarra, sunansa mol. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi wajen 6 da sifiri 23 a bayanta. Mol ɗaya na zarrar haidirojin nauyinsa giram 1 ne, na kabon giram 12, na oksijin giram 16. In ana son nauyin mol na wani abu, sai a tara na ƙwayoyin da ke cikinsa. Ruwa, H₂O, shi ne 1 da 1 da 16, giram 18 ke nan. O₂ giram 32 ne. CO₂ shi ne 12 da 16 da 16, watau giram 44. Mitan kuwa 12 da 4, giram 16.

To, a ɗora ƙonewar mitan a sikeli. A hagu akwai mitan giram 16, da oksijin 32 sau biyu, watau 64, jimla giram 80. A dama akwai CO₂ giram 44, da ruwa 18 sau biyu, watau 36, jimla giram 80. Ko giram ɗaya bai ɓace ba.

Wannan lissafi yana tsare rai ma. Gawayi giram 12 yana bukatar oksijin giram 32 kafin ya ƙone sarai. In oksijin ya kasa, sai ya ba da wata iska mai guba, CO, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Saboda haka kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, kome tsananin sanyi.

Duk yaron da ya zauna yana ƙidaya zarra a hagu da dama har su daidaita, aikin da Labuwaziye ya fara da sikelinsa shi ya ke yi. Labarinsa yana koya wa mai neman ilmi ya auna kafin ya yi magana, in kuma abin da ya auna ya saɓa wa abin da ya zata, ya bi abin da ma'auni ya nuna.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Labuwaziye, a wace shekara?
2. Me ya sa kuza ta ƙara nauyi bayan an gasa ta?
3. Wane irin taimako matarsa ta yi masa?
4. Me ya sa talakawa suka ƙi ƙungiyar haraji?
5. Daidaita wannan: H₂ + O₂ → H₂O.
6. Oksijin giram nawa gawayi giram 24 ke bukata don ya ƙone sarai, CO₂ giram nawa kuma zai fita?